Ruwa ba ya sakin jirgi da arha

Duk wanda ya taɓa haɗa jirgin sama a wasan SimplePlanes ya san na tudu ba shi da wuyar sha'ani. Ka jera gangar jiki, ka maƙala fukafukai, ka sa jela da inji da tayoyi uku, ka kai shi titin tashi ka ba shi wuta. Ko a karkace ne, zai ɗaga. Ranar da mutum ya ce bari ya cire tayoyin nan ya ɗaura masa ƙananan kwale-kwale biyu a ƙafa, ya ajiye shi a kan teku, ranar zai san ashe da sauran karatu. Da farko jirgin zai zauna lafiya lau, yana ɗan lilo. Da an ƙara totur sai hanci ya duƙa, bakin kwale-kwalen ya shige ruwa, farfela ta sari teku, jela ta miƙe sama, kafin ka ce kwabo ya kife ƙafafu a sama. Sai a danna maɓalli, a koma ɗakin ƙira, a sake lale.

Wasannin da ake wannan sana'a a cikinsu suna da dama, kowanne da halinsa. SimplePlanes na kamfanin Jundroo ne da ke Amurka, ya fara fitowa a waya kafin ya shiga kasuwar Steam a Disamban 2015. Kerbal Space Program, wanda kamfanin Squad na birnin Meziko ya fara saki a 2011, asalinsa wasan roka ne, amma masu son jirgin sama sun daɗe da kafa sansani a cikinsa. Akwai Stormworks, wanda ya kammala fitowa a 2020, shi kuwa teku da guguwa ne gidansa. Sai dattijonsu, X-Plane, da Austin Meyer ya fara fitarwa a 1995, yana zuwa da wata manhaja mai suna Plane Maker inda ba a haɗa bulo, sai dai a shigar da tsawo da faɗi da nauyi da lambobi, kamar yadda injiniya zai yi a takarda.

A dukkansu matsalar ɗaya ce. Jirgin da zai tashi daga ruwa abu biyu ne aka ɗaure wuri guda, kwale-kwale da jirgin sama, kuma abin da ɗaya yake so shi ne ɗayan yake ƙi. Kwale-kwale yana son faɗi da ƙiba da ƙasa mai ƙarfi da za ta jure dukan igiyar ruwa. Jirgin sama yana son siranta da rashin nauyi. Ga shi kuma ruwa ya ninka iska kauri wajen sau 800: mita ɗaya ta kowane gefe ta ruwa kilo 1,000 ce, ta iska kuwa kilo ɗaya da ɗan kai. Duk abin da ya taɓa ruwa a lokacin gudu, jan da ake yi masa baya ba na wasa ba ne.

Lissafin da ake yi kafin a kunna inji

Abu na farko shi ne jirgin ya iya zama a kan ruwa. Ƙa'idar tsohuwa ce tun zamanin Arkimidis: abu yana tasowa ne idan ruwan da ya ture ya kai nauyinsa. Jirgi mai kilo 1,000 sai ya ture lita 1,000. To amma idan kwale-kwalen biyu lita 1,000 cif suke ɗauka, za su nutse har baki, ƙaramar igiya ma ta isa ta binne su. Shi ya sa dokar hukumar jiragen sama ta Amurka ta ce a ƙara kashi 80 cikin 100 a kan abin da ake buƙata, kuma a yi lissafin da ruwan daɗi, wanda bai kai na gishiri ɗaga kaya ba. Ke nan wannan jirgi yana buƙatar lita 1,800, kowane kwale-kwale 900. Tsohuwar dokar ta ƙara da cewa a raba cikin kowanne aƙalla gida huɗu da ruwa ba ya ratsawa, don kada huda ɗaya ta ci jirgi. Babu wasan da zai tilasta wa mutum bin wannan doka, amma wanda ya bi ta ya rage wa kansa rabin wahala. Sabon shiga yakan yi kwale-kwale sirara don su yi kyau a hoto, sai ya rasa dalilin da ya sa jirginsa ke tafiya kamar mai ciwon baya.

Bayan girma sai wurin zama. A ɗakin ƙira na SimplePlanes akwai ƙwallaye uku da ke nuna wa mai ƙira inda ya dosa: ja tana nuna cibiyar nauyi, shuɗiya tana nuna inda fukafukai ke ɗaga jirgi, rawaya kuma inda inji ke tura shi. Kerbal ma yana da irinsu da wasu launuka. Darasin farko da kowa ke koya shi ne ja ta ɗan wuce shuɗiya gaba kaɗan. Idan ta koma baya, jirgi zai ɗaga kai ya yi alkafura, idan ta yi gaba da yawa, ko an ja sandar tuƙi har ciki hanci ba zai tashi ba.

A jirgin da ke tashi daga ruwa akwai cibiya ta huɗu da ba a zana ta a allo, wato inda ruwa ke tallabe da jirgin, kuma ita ce ke kifar da mutane. Farfela tana can sama tana ja gaba, ruwa yana can ƙasa yana riƙe ƙafa. Ƙarfi biyu masu gaba da juna, ɗaya sama ɗaya ƙasa, dole su murɗa jirgin ya kifa da ka. Maganin a bayyane yake ga duk wanda ya taɓa duban hoton Beaver, jirgin Kanada da ya fara tashi a 1947 kuma har yau yake jigila a tafkunan Alaska: bakin kwale-kwalensa ya kai har gaban inji, yana da kauri, kuma ya ɗan ɗaga sama. Mafi yawan abin da ke tallabe jirgin a gaba yake.

Sai dai gyara a ruwa ɓarna ce a sama. Waɗannan dogayen kwale-kwale da suka yi gaba, da jirgi ya ɗan karkata sai iska ta same su a gefe ta ƙara karkatar da shi, jela ta kasa mayar da shi hanya. Jirgin da yake tafiya sambal a kan taya sai ya koma yana kaɗa kai hagu da dama. Shi ya sa ake ganin ƙarin ƙaramin fiffike a ƙarƙashin jelar jiragen da aka mayar na ruwa, ko ƙanana biyu a tsaye a gefen jelar. A wasa ma haka za a yi, ko a ƙara wa jela tsawo.

Matakin da ke ƙarƙashin ciki

Idan ka leƙa ƙarƙashin kowane jirgin ruwa na gaske, za ka ga wajen tsakiya an yanke ƙasan kamar matakin bene: rabin gaba ya fi rabin baya zurfi, an tsaya cak, ba a goge wurin ya yi sumul ba. Wanda bai sani ba zai ɗauka aikin gaggawa ne. Alhali in ba don wannan yanka ba, da yawancin jiragen ruwa ba su taɓa barin ruwa ba.

Ana iya ganin dalilin a bakin famfo. Riƙe cokali a sake ta wutsiya, ka kai bayansa mai tudu ya taɓa ruwan da ke zuba. Maimakon ruwan ya ture shi, sai ya fizgo shi ciki. Ruwa mai gudu a jikin abu mai lanƙwasa tsotsarsa yake yi. Cikin jirgi mai sumul ma haka ne: duk yadda inji ya ƙara wuta, ruwa na ƙara riƙe gindinsa. Matakin yana katse ruwan daga jikin, iska ta shiga bayansa, rabin baya ya fita daga ruwa gaba ɗaya, jirgi ya koma yana sulɓi a kan ɗan wuri kaɗan da ke gaban matakin.

Masu tseren kwale-kwalen inji sun riga masu jirgin sama sanin wannan. Henri Fabre, Bafaranshen da ya fara tashi daga ruwa da ƙarfin inji a ranar 28 ga Maris, 1910, a tafkin Berre kusa da Marseille, ya tsira ne da kwale-kwale uku masu shimfiɗaɗɗen ƙasa da jirgi marar nauyi. Bai taɓa tuƙa jirgin sama ba kafin ranar, ya yi tafiyar wajen rabin kilomita ya sauka lafiya, ya kuma rayu har 1984. Glenn Curtiss na Amurka, wanda ya tashi daga ruwa a San Diego a Janairun 1911, shi ya ci karo da tsotsar nan sosai a 1912, lokacin da ya gina jirgin da gangar jikinsa ce kwale-kwalen. Jirgin ya yi ta zarya a tafkin Keuka ya ƙi ɗagawa, sai da aka yi masa mataki. Daga baya Baturen Ingila John Porte ya ƙara gyara siffar cikin a sansanin Felixstowe lokacin yaƙin duniya na ɗaya, ya ba shi ƙasa mai tsini da ke yanka igiya.

Tashi daga ruwa hawa uku ne. Da farko jirgi yana tafiya kamar kowane kwale-kwale, yana ture ruwa gefe. Sai ya kai wani gudu inda yake hawa igiyar da shi kansa ya tara a gabansa, hanci sama, jela ƙasa, inji na ihu, feshi ko'ina. Nan ne jan ruwa ya fi tsanani, kuma jirgin da injinsa bai isa ba a nan zai dawwama har mai ya ƙare. Idan ya haye wannan tudu sai ya hau mataki, jan ya ragu, gudu ya ƙaru, fukafukai su karɓi aiki.

Inda aka sa matakin shi ne sirrin. Ana sa shi kaɗan a bayan cibiyar nauyi, kusan inda za a sa manyan tayoyin jirgi mai tayar hanci. In ya yi baya da yawa, matuƙi ba zai iya ɗaga hanci ba. In ya yi gaba, ko aka riƙe hanci ba daidai ba, sai jirgi ya fara tutsu: ya ɗaga kai, ya faɗo, ya sake ɗagawa fiye da na farko, kowane bugu ya fi na baya, har sai an rage wuta ko wani abu ya karye. Rabin baya kuma dole ya tashi sama a hankali zuwa jela, don idan an ja sanda jirgin ya sami wurin jingina ba tare da duwawun kwale-kwalen sun koma cikin ruwa ba.

Ruwan wasa da ruwan Allah

A nan ne nake ganin ake rarrabe mai ƙira da mai kwafa. Iskar da ke cikin waɗannan wasanni ta fi ruwansu kusa da gaskiya nesa ba kusa ba. X-Plane, alal misali, yana yanka fiffike gunduwa-gunduwa a lissafi, ya auna ƙarfin iska a kan kowace gunduwa sau da yawa a cikin daƙiƙa, ya haɗa jimla. Ko wasannin haɗa bulo suna yin wani abu mai kama da haka a sauƙaƙe. Amma ruwa mai tsada ne wajen lissafi. Kwamfutar gida, balle waya, ba za ta iya bin kowace igiya da kowane feshi ba. Don haka galibin wasannin suna tambayar abu biyu ne kawai game da kowane sashe na jirgi: nawa ne ya nutse, kuma da wane gudu yake tafiya. Daga nan su fitar da ƙarfin ɗagawa da ƙarfin ja.

Kowane wasa da dabararsa. A SimplePlanes gangar jiki tana da ma'auni da ake ja a ƙara mata ko a rage mata ƙarfin tasowa, ba ruwan wasan da ko akwai rami a cikinta. Stormworks ya fi tsanani: bulonsa santimita 25 ne kowanne, kuma abin da ke ɗaga jirgi shi ne ɗakin da aka rufe ruf. Ka manta bulo ɗaya a wani lungu, wasan zai ɗauka ɗakin a buɗe yake, jirgin da ka kwana kana ginawa ya tafi ƙasan teku kana kallo. A Kerbal, kafin gyaran da aka yi a Nuwamban 2015, ruwa kusan siminti ne, abin da ya taɓa shi da ɗan gudu sai ya tarwatse. Bayan gyaran ne jiragen ruwa suka yiwu, har mutane suka fara ɗora su a kan roka suna kai su Laythe, wani wata na ƙirƙira mai teku da iskar da injin jet zai iya shaƙa. X-Plane 12, da ya fito a ƙarshen 2022, ya kawo igiyoyin da ke tashi suna sauka da jirgi a kansu.

Abin da wannan ke nufi shi ne tsotsar cokalin nan, wadda ta hana Curtiss barci, a yawancin wasannin haɗa bulo babu ita. Mutum zai iya gina kwale-kwale sumul kamar gora ya tashi da shi. Duk da haka matakin bai zama ado zalla ba, don yana rage abin da ke cikin ruwa a baya, yana kuma ba jirgi wurin ɗaga hanci. Wato yana aiki, amma ba don dalilin da aka ƙirƙiro shi ba. Wanda bai san wannan ba zai fita daga wasan da ilimin da rabinsa gaskiya ne, rabinsa halin manhaja.

Akwai ma inda wasa ke ba da lada a kan abin da duniya ta hukunta. 'Yan Kerbal sun gano cewa idan aka sa ƙananan fukafukai a ƙarƙashin ruwa, za su ɗaga jirgi ya fita tun gudu bai yi nisa ba. Dabara ce mai kyau, kuma tana aiki a allo. Italiyawa sun gwada ta da gaske a 1929 da jirgin tsere na Piaggio P.7, wanda ba shi da kwale-kwale a ƙafa, sai fukafukan ruwa da wata ƙaramar farfela ta jirgin ruwa a ƙarƙashin jela. Bai taɓa tashi ba. Amurkawa kuma sun gwada jirgin yaƙi mai sulɓi a kan allunan ƙafa, Sea Dart, a 1953. Ya tashi, har ya wuce gudun sauti a 1954, amma jijjigar da yake yi a kan ruwa ta kusa zubar wa matuƙansa haƙora, aka watsar da shi.

Ƙafa biyu ko ciki ɗaya

Idan jirgi ƙarami ne, kwale-kwale biyu sun wadatar, irin na jiragen Twin Otter da ke kai baƙi tsibiran Maldibs. Idan ya girma, sai a mayar da gangar jikin kanta kwale-kwale. Amma ciki ɗaya ba ya tsayuwa da kansa, sai ya kwanta gefe fiffike ya sha ruwa. Jirgin Catalina, wanda ya fara tashi a 1935 kuma aka ƙera fiye da 3,000, yana da ƙananan matallafa a ƙarshen fukafukai da ke naɗewa sama su zama bakin fiffiken bayan an tashi. Masu wasa suna son kwaikwayon wannan, don aiki ne na maƙalai masu juyawa da ke burge ido. Kamfanin Dornier na Jamus ya bi wata hanya, ya fito da gajerun kafaɗu daga gefen ciki daidai saman ruwa. Da su ƙaton Do X mai inji 12 ya ɗauki mutum 169 a tafkin Constance a Oktoban 1929.

Tunda ciki yana zaune a ruwa, inji dole ya hau sama ya tsere wa feshi, ko a kan fiffike ko a kan wani dogon wuya. Ƙwallo rawaya ke nan ta yi sama da ja. Sakamakon yana rikita wanda ya saba da jirgin tudu: ka ƙara wuta hanci ya duƙa, ka rage wuta hanci ya ɗaga, daidai lokacin sauka da ba ka son abin mamaki. Ana rage wannan da ɗan karkata injin, ko a ɗaga jela ta shiga cikin iskar farfela don ta sami abin riƙewa.

Wanda ya sa ƙaton inji a ƙaramin jirgi kuma zai gamu da murɗa. Farfela na juyawa gefe ɗaya, jirgi na son juyawa ɗaya gefen, sai kwale-kwale ɗaya ya nutse, jirgi ya yi ta zagaye a ruwa. Masu gasar tseren jiragen da ke tashi daga ruwa ta kofin Schneider, da aka yi tsakanin 1913 da 1931, sun sha wannan. R. J. Mitchell, wanda daga baya ya ƙera jirgin yaƙin Spitfire, ya riƙa zuba mai a kwale-kwale ɗaya fiye da ɗayan don nauyi ya daidaita murɗar. Mario Castoldi na Italiya ya jera inji biyu a layi, ya sa farfela biyu masu juyawa saɓanin juna a hancin Macchi M.C.72. A ranar 23 ga Oktoba, 1934, Francesco Agello ya kai kilomita 709 a awa da shi a tafkin Garda, kuma har yau babu jirgi mai tashi daga ruwa mai injin fistin da ya karya wannan. Duka dabarun biyu ana iya yin su a wasa cikin minti kaɗan.

Manyan jiragen nan masu ciki ɗaya sun taɓa zama hanyar shiga Afirka, lokacin da kogi ya fi titin jirgi samuwa. Daga 1937 jiragen Imperial Airways suna tasowa daga Southampton, su bi kogin Nilu, su sauka a Khartoum a kan hanyarsu ta zuwa Durban. Wani ƙaton jirgin Faransa mai inji shida, Latécoère 631, ya ƙare rayuwarsa yana kwasar auduga daga tafkin Léré na Chadi zuwa Douala, har guguwa ta kayar da shi a yankin Banyo na Kamaru a Satumban 1955. Titunan siminti da aka shimfiɗa lokacin yaƙin duniya na biyu su suka kashe kasuwar. Abin da ya rage sai aikin da tudu ba zai iya ba, kamar na CL-415 na Kanada, mai shafar tafki ya kwashi lita sama da 6,000 cikin daƙiƙa 12 ya je ya zuba wa gobarar daji.

Saura sauka, wadda ake yi hanci ɗan sama, mataki ya fara taɓawa, sanda a ciki har jirgi ya zauna. Matuƙan gaske sun fi tsoron ruwa mai kwanciya kamar madubi a kan mai ƙananan igiyoyi, don ido ba ya iya auna nisansa, sai dai a saita saukowa a hankali a jira har a ji taɓawa. A allo wannan ruɗin ma ya fi yawa, tunda hoto ne shimfiɗaɗɗe. Wanda kuma ya ƙara wa jirginsa tayoyi masu naɗewa don ya ci tudu ya ci ruwa, ya ƙara wa kansa abin tunawa. Sauka a titi da tayoyi a naɗe yakan tsaya ne a kan gogewar ciki da kuɗin gyara. Sauka a ruwa da tayoyi a waje kuwa kifewa ce nan take, shi ya sa ake sa wa irin waɗannan jirage na gaske madubi a jikin matallafin fiffike don matuƙi ya ga tayoyinsa da idonsa, wasu kuma har da murya mai faɗa masa ko tayoyin na tudu ne ko na ruwa kafin ya taɓa.